Azumin Da Na Ci Abinci Da Rana

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar damina. Jiya da hantsi ina zaune a zaure, ruwa na tsiyaya daga indararo, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika unguwa, sai samari suka wuce a kan babura, kowa da tankin feshi goye a baya, za su je kashe ciyawa. Kafin azahar sun dawo sun yi wanka, sun baje a gindin darbejiya suna latsa waya, suna kukan rana ta ƙi tafiya. Na yi murmushi ni kaɗai. Rabon da azumi ya zo a irin wannan lokaci shekara talatin ne da ɗoriya, kuma wancan karon ba zai fita daga raina ba, don shi ne azumin farko da na sha tun da na balaga.

Sunana Isa. A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, muna zaune a ƙauyenmu kusa da Gagarawa Tasha, inda mukan ji kukan jirgin ƙasa in iska ta juyo. Gandu ɗaya muke nomawa da yayana Mamman tun bayan rasuwar mahaifinmu. A gidan akwai Inna, mahaifiyarmu, da iyalin Yaya, da matata Talatu da 'ya'yanmu biyu ƙanana. Ban da gonar gandu, kowannenmu yana da gayaunarsa, wadda yake nomawa don kansa in an tashi daga aikin gida.

Ciwon ya fara ne kamar wasa, wajen shekara uku kafin nan. Ƙishirwa ce ta fara kama ni, irin wadda in na kafa kai a ƙwarya ba na ɗagowa sai na ga gindinta, kuma kafin in miƙe maƙogwaro ya sake bushewa. Fitsari ba dare ba rana. Ina ci kamar gara, amma wuyan rigata kullum ƙara faɗi yake. Talatu ce ta lura kiyashi na taruwa duk inda na tsuguna. An yi saiwoyi, an yi rubutu, na sha ɗacin da ko jaki ba zai sha ba, daga ƙarshe Yaya ya ɗora ni a bayan kekensa muka tafi asibiti a Gumel. Suka zuba fitsarina a 'yar kwalba tare da wani ruwa shuɗi, suka ɗora a wuta, ina kallo ya rikiɗe ya koma kalar jar ƙasa. Suka ce ciwon sukari ne, suka ba ni ƙwayoyi.

Da labari ya iso gari, dariya aka yi mini. "Isa, wannan ai ciwon alhazai ne masu tumbi. Kai da ba ka ganin sukari sai ranar suna, ina ka samo shi?"

Ƙwayoyin sun riƙe ni wajen shekara biyu, har na yi azumi biyu a kansu lafiya lau. Sai a bazarar wannan shekara, shekarar da soja ke shirin miƙa mulki, motocin 'yan siyasa na yawo da lasifika, ƙwaya ta daina aiki. Na ninka ta, shiru. Na kwanta, numfashina ya riƙa wani irin wari kamar na ruɓaɓɓen mangwaro. A kwance aka sa ni cikin jirgi zuwa Kano.

Likitan da ya duba ni a can ya daɗe yana kallona. Ya ce irin nawa ba na masu ƙiba ba ne, kuma irin wanda ke ramar da mutum haka yara ya fi kamawa, ni ga ni magidanci. Ya ce, "Malam, ƙwaya ta gama nata. Daga yau allura ce kullum, kuma kai za ka riƙa yi wa kanka. In ka yi ta, dole ka ci abinci a kan lokaci. Azumi kam ka cire shi daga ranka." Sai bayan shekaru da yawa wani matashin likita ya fahimtar da ni cewa sojojin jikina ne, waɗanda aikinsu yaƙar cuta, suka juya suka afka wa gidan da ke sarrafa sukari, a hankali a hankali har suka rushe shi. Ya ce su ne kuma suka ci launin fatata. Na ce ashe juyin mulki aka yi mini a cikin jiki ban sani ba.

Maganar fata kuwa, ita ce ta fi yi mini ciwo. Tun kafin tafiya Kano wasu fararen tabo suka fito mini a bayan hannuwa da gefen baki. Likita ya tsikare su da allura, na zabura, ya ce ba kuturta ba ce tunda ina jin zafi, kuma ba a ɗauka. To amma likita yana Kano, mutanen gari suna gari. Mun saba da magariba mazan gidaje huɗu mu haɗa akusanmu a ƙofar gida mu ci tare. Baba Tanko, maƙwabcinmu kuma aminin mahaifinmu, shi ya fara janyewa, ya ce haƙori ke damunsa, zai riƙa ci a cikin gida. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Aka bar ni da Yaya. Ga kuma fuka da nake da ita tun ina yaro, wadda in danshi ya yi yawa sai ƙirjina ya riƙa kuka kamar an danne 'yar kyanwa. Ciwo uku a jiki ɗaya. Inna takan ce Allah bai ɗora wa jaki kayan raƙumi, ni kuwa in ce a raina wannan karon kamar an yi kusa.

Na dawo daga Kano da sirinji na gilashi a cikin gwangwani, da 'yan kwalaben ruwan allura da aka ce in zafi ya taɓa su sun lalace. Yau jikata ce ke buɗe firji ta miƙo mini, in soka yatsa a na'ura ta faɗa mini inda sukarina ya tsaya. A wancan lokaci Talatu ce firjina. Ta haƙa rami a gindin randa, ta cika shi da yashi, ta binne ƙaramin tulu har wuya, ta jera kwalaben a ciki, safe da yamma tana yayyafa wa yashin ruwa. Kullum sai ta tafasa sirinjin a wata 'yar tukunya da ta hana kowa taɓawa. In allurar ta dakushe in wasa ta a dutse kamar wanzami. Cinyoyina duk suka yi kanta. Kuma abin dariya, ni mai ciwon sukari ni ne aka ce kada in kuskura in fita ba ƙwayar sukari a aljihu, saboda in allura ta fi ƙarfin abin da ke ciki, ita ma kisa take.

Daminar ta zo mana a makare. Mun yi binne tun da wuri, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, aka yi ɗan yayyafi, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Rana ta soye shi muna kallo. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mu fito muna kallo, iska ta taso ta watse shi. Aka yi roƙon ruwa. Irin da muka ajiye ya tafi a shuka ta farko, na biyu sai da Yaya ya kai tunkiyar Inna kasuwar Maigatari. Da ruwan gaske ya sauka, kowa ya fita da sungumi, maza na sara mata da yara na bi suna jefa iri suna takewa, har duhu ya raba mu. Amma lokaci ya riga ya ja. Rumbu ya yi ƙasa sosai, sai an sa tsani an shiga ciki ake kai wa ga damin da ya rage. Gero bai kai gwiwa ba, ko firi, noman farko, ba mu gama ba, aka ga watan azumi.

Ni dai ban iya bin maganar likita ba. Tun ina ɗan shekara goma sha ban taɓa ganin rana ta faɗi a watan nan da ɗanɗanon abinci a bakina ba. Na ce wa kaina likita bai san ƙarfin manomi ba. Na yi sahur da kowa, na yi allurata, na ɗauki ashasha, wato doguwar hauyar nan da muke turawa a tsaye a ƙasarmu mai yashi, na bi Yaya gonar bayan gida. Ranar farko na kai da ƙyar. Rana ta biyu, hantsi ya ɗaga ke nan, na ji ashasha ta yi mini nauyi. Wani gumi mai sanyi ya karyo mini. Na ga Yaya ya zama biyu. Sukari na aljihuna, hannuna na kansa, amma na ce bari in kai ƙarshen wannan kunyar. Ban san ko na kai ba.

Sauran labarin a bakin Yaya na ji. Ya ce ya waiwayo ya gan ni kife, ina karkarwa, ido ya juye. Ya ƙwalla kira, "Talatu! Talatu! Fito, Isa ya faɗi!" Ta tsallake danga ko mayafi babu. Ta lalubi aljihuna, ta murƙushe sukarin a tafin hannu, ta ɗiga ruwa, za ta kai bakina sai Yaya ya riƙe mata hannu.

"Ke, azumi fa yake yi!"

Talatu, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da Yaya ba, ta ɗago ta dube shi. "Yaya, gawa ba ta azumi. Sakar mini hannu."

Ya sake ta. Ta yi ta shafa mini a dasashi da cikin kumatu har na buɗe ido. Abin da na fara gani shi ne ganyen gero yana kaɗawa a kaina, na fara ji kuma zaƙi a harshe, rana tsaka, a watan Ramadan. Na juya fuska ƙasa na yi kuka.

Bayan la'asar Liman ya zo duba ni. Tsoho ne mai sanyin magana. Ya zauna a bakin tabarmata, ya ce, "Malam Isa, in sarki ya aiko maka da riga, ka mayar masa?"

Na ce, "Allah ya kiyaye, Malam."

"To Sarkin sarakuna ya aiko maka da sauƙi, ka ce kai ka fi ƙarfin kyauta. Azumin da zai kashe ka ba ibada ba ne. Ka ci, ka sha, ka yi allurarka. In kaka ta yi, in da hali, ka auna mudu ga kowace rana ka kai wa mabuƙaci."

Na ce, "Malam, kunya nake ji."

Ya ce, "Kunya ba ta cikin rukunnan Musulunci guda biyar, na duba."

Haka na koma cin abinci da rana. A ɓoye nake ci, cikin ɗaki, na saki asabari, ina tauna a hankali kamar ɓarawo. Da safe in bi Yaya gona, in rana ta take kowa ya tashi, don mai azumin da ya yi sahur da kunu ba zai iya wuce haka ba, ni ma in biyo su. Ana cikin haka marka ta kama. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo gaba ɗaya, a yini ana yi, a kwana ana yi, katangu na zubewa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa. Ciyawa ta taso kamar an kira ta. Harƙiya da ƙarangiya suka shaƙe gero, abin da ka nome yau bayan 'yan kwanaki ya sake yin kore. Noman rabin yini ba zai kama ta ba, kowa ya sani, ba dai mai faɗa.

Wata magariba na shiga sashen Inna in gaishe ta da shan ruwa. Na tarar da ita da tsararon kunu da ɗan kwaɗon tafasa wanda ƙuli-ƙulinsa sai an nema. Na dubi gefe, ga Talatu tana rufe malmalar tuwo biyu a akushi tana turawa ƙarƙashin gado.

Na ce, "Inna, ina tuwonki?"

Ta ce, "Tsufa ne, Auta. Cikina ya daina son abu mai nauyi."

Na dubi Talatu, ta sunkuyar da kai. Nan na gane tuwon da nake ci da rana a bayan asabari, na buɗa-bakin mata biyu ne masu azumi. In na yi magana ma ba za su fasa ba, ni kuma in na ƙi ci allura ta kashe ni. Na fito na tsaya a tsakar gida, yayyafi na dukana, na ce wa kaina to Isa, tunda kai kaɗai ne namiji mai abinci a ciki da rana a garin nan, ai kai kaɗai ne ba ka da uzurin kwanciya.

Washegari da aka tashi daga gona na dawo na ci tuwona, na sha ruwa, na yi azahar, na sake saɓa ashasha. Yaya yana kwance a zaure, leɓɓansa sun bushe, ya ce, "Ina zuwa?"

Na ce, "Ciyawa ba ta azumi, Yaya, ni ma haka. Bari mu je mu ƙarasa maganarmu."

Ban taɓa sanin daji da irin wannan shiru ba. Duk faɗin gonakin ba kowa, daga ni sai kurciya. In ruwa ya tsagaita rana ta fito, ƙasa ta riƙa tururi, zafi ya taso ta ƙasa ya sauko ta sama, riga ta manne da baya. Ashasha na shiga ƙarƙashin yashi tana shaa, shaa, ciyawa na kwanciya. Talatu takan ƙulle mini dafaffen wake a ganye da gorar ruwa. Na koyi sauraron jikina yadda makiyayi ke sauraron hadari. In na ji leɓena ya fara kaɗawa, ko na ji haushi ya taso mini ba dalili, sai in ajiye hauya ba gardama, in zauna a gindin gawo, in tsotsi sukari, in bi da wake, in jira duniya ta daidaita, in miƙe. In kuma ƙirji ya fara kuka in dafa ƙotar hauya in tsaya har ya lafa. Ba na sauri. Amma wanda ke tafiya a hankali daga azahar zuwa faɗuwar rana ya fi mai gudun da ya tsaya da hantsi.

Kafin azumi ya raba muka gama maimai, noma na biyu, a gonar gandu, abin da ba wanda ya yi a garin. Ya kamata in juya gayaunata. Amma hanyata kullum ta gefen gonar Baba Tanko take, kuma gonar ta zama abin tausayi. 'Ya'yansa maza sun tafi Ikko ba su dawo ba, shi kaɗai ne, ga tsufa ga azumi. Geronsa ya yi ɗorawa-ɗorawa a cikin ciyawa, sai ka duba da kyau za ka gan shi. Na tsaya a bakin iyaka ina tuna akushin da ya janye. Sai kuma na tuna shi ne ya sassaƙa mini ƙotar hauyata ta farko ina yaro. Na shiga.

Da safe sai ga shi a ƙofar gidanmu, yana dogara sanda. "Mamman, wa ya shigar mini gona?"

Yaya ya nuna ni da baki. Baba Tanko ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya ce, "Wa ya sa ka?"

Na ce, "Baba, ciyawarka ce ke tsallako mana iyaka. Kaina na yi wa."

Bai yi godiya ba. Ya juya ya tafi yana gyaran murya. Ni kuma na ci gaba har na fitar masa da gonar, na wuce ta wata gwauruwa mai marayu, na taɓa ta Liman. Mutane suka fara cewa in ka ga ƙura ko motsi a daji bayan azahar, to Isa ne. Masu cewa saura ƙiris a yi mini sutura suka rage murya.

Sai jiki ya karɓi hakkinsa. Wani kututturen kara ya huda takalmin tayata ya shige tafin ƙafa. Ga mai irin ciwona ƙaramin rauni ba ƙarami ba ne, an gargaɗe ni tun a Kano. Ƙafa ta kumbura, ta yi zafi. A daidai nan aka shiga ruwan da ya kwana uku bai ɗauke ba, fuka ta taso mini gadan-gadan, ba na iya kwanciya sai a jingine. Talatu na wanke ƙafar da ruwan gishiri mai ɗumi, Inna na tofa addu'a. Yaya ya hau keke da azumi a bakinsa, cikin taɓo, rabin hanya shi ke ɗauke da keken, ya je Gumel ya karɓo mini magani. Ina jingine ina jin ruwa a kan rufi, ba abin da nake gani sai gayaunata. Ko sau ɗaya hauya ba ta shige ta ba tun firi. Daga cikinta nake sa ran kuɗin jirgi da na allura, daga cikinta nake sa ran ciyarwar da Liman ya faɗa. Na nome na kowa na bar tawa ta mutu.

Ana cikin goman ƙarshe, ranar da gari ya washe, Yaya ya shigo da sassafe ya ce in tashi. Ya naɗe mini ƙafa da tsumma, ya ɗora ni a jaki, ya ja. Da muka karya kwanar kukar da ke bakin gayaunata sai na ga mutane. Mazan garin ne kusan duka, sun yi sahu daga wannan iyaka zuwa waccan, hauyoyi na tafiya tare. Ba kiɗa ba kirari saboda azumi, sai shaa, shaa. Baba Tanko na tsakiya, ya ɗaure kwankwaso da rawaninsa.

Ya hango ni ya ce, "Kai dai ka iya zaɓen lokaci! Gayyar da ba tuwo ba fura, ai mai gona ya ci riba."

Aka yi dariya. Aka shimfiɗa mini buhu a gindin kukar na zauna, ina ta cewa sannunku, sannunku. Da rana ta ɗaga na ji lokacin cin abincina ya yi, na yafito Yaya a asirce ya mayar da ni gida. Ashe Baba Tanko na kallo.

"Ina za shi?"

Yaya ya yi ƙasa da murya. "Lokacin abincinsa ne, Baba."

"A kawo masa nan."

Yaya ya je ya karɓo akushin daga wajen Talatu. Baba Tanko ya ajiye hauya ya zo ya amshe shi. Ya tsuguna a gabana, ya kama hannuna na dama, mai tabon nan, ya riƙe shi cikin nasa, ya zuba mini ruwa daga buta ya wanke shi kamar na ƙaramin yaro. Sannan ya buɗe akushin ya tura mini.

Ya ce, "Ci. A gabanmu za ka ci. Tuwon nan shi ya nome mini gona."

Wani daga cikin sahu ya ce, "Baba, ƙanshin daddawar nan fa zai karya mana azumi!"

Ya ce, "Haɗiye yawunka ka ja hauya."

Na ci. Rana tsaka, a fili, gaban mazan gari duka, na cinye tas har na suɗe hannu. Ban taɓa cin tuwon da ya zauna mini a ciki kamar wannan ba. Kafin azahar sun fitar da gonar. Da magariba kuwa, akusa suka dawo ƙofar gidanmu, haƙorin Baba ya warke.

Sallah ta zo mana ba ɗinki ba yanka, da wankakkun tsofaffin riguna muka je idi, ni ina ɗingishi. Amma a hanya duk inda ka duba gero ya yi duhu, ya fara ciki. Bayan 'yan makonni yara suka fara gasa tumu, ƙanshinsa ya bi gari, fuskokin mata suka dawo. Ba a yi irin shekarar da ake ba da labari ba, amma ba gidan da ya kwashe kaya ya tafi, kuma rumbunmu ya kai mu wata daminar.

Tun daga wannan shekara ban sake yin azumi ba, ban kuma sake sakin asabari don in ci abinci ba. Ciwon ya ci abin da zai ci. Ya karɓi yatsun ƙafa biyu, ya rage mini ido, tabon ya bazu har goshi. Inna ta tafi, Yaya ya tafi, Baba Tanko tun tuni, yawancin waɗanda suka yi sahu a gonar nan ni na bi su maƙabarta. Ni da Talatu muna nan, kuma har yau ba na yarda wani ya yi mini allurata.

Da muka yi girbi a shekarar, kafin zangarniya ɗaya ta gayaunata ta shiga rumbu, na ware dami na ba Talatu ta sussuka ta sheƙe. Na auna na watan duka da hannuna, mudu bayan mudu, na ƙara da na gyara. Liman ya ce akwai wata tsohuwa makauniya a wani ɗan ƙauye bayan Tasha, ba ta da kowa sai maƙwabta. Yaya ya ce in ɗauki jaki, na ce a'a. Na ɗora buhun a ka na taka da ƙafata.

Na same ta zaune a bakin bukkarta tana shan hantsi. Na yi sallama na sauke, na ce saƙo ne, a yi mana addu'a. Ba ta tambayi ko ni wane ne ba. Ta lalubo bakin buhun ta kwance, ta tura hannu har wuyan hannu, ta ɗebo ta bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunta. Ta jefa 'yan ƙwayoyi a baki ta tauna da sauran haƙoranta, tana gyaɗa kai.

Ta ce, "Kai, masha Allah. Ɗana, wannan geron mai lafiya ne ya noma shi."

Ban gyara mata ba. Na ce, "Haka ne, Iya."